Ba wuta, ba wuƙa mai kaifi: yadda ƙananan yara za su haɗa abinci da hannunsu

Hannun yaro ɗan shekara 3 zuwa 5 ba ya zama wuri ɗaya, kuma a ganina gara a ba shi aiki da a yini ana cewa "bari". Aikin da na fi so in ba yaran ajina shi ne haɗa abincin da babu ruwansa da murhu ko ruwan zafi.

Kafin komai, kowa ya wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20, har tsakanin yatsu. Ke malama, ki kuma tambayi iyaye tun da wuri ko akwai abin da jikin ɗansu ba ya karɓa. Gyaɗa, ƙwai da madara suna cikin waɗanda suka fi tayar wa yara da rashin lafiya, saboda haka kada ki bar tambayar nan sai ranar.

Ki fara da ayaba. Ki ɗan tsaga bakin ɓawon, yaro ya ɓare sauran da kansa. Ba shi cokali mai yatsu da kwano mai faɗin gindi wanda ba zai kife ba, ya yi ta danna ta har ta yi laushi. Za ki ga ya ɗan fito da harshe, ya kama cokalin da hannu biyu, ayabar tana tsartowa ta tsakanin yatsun cokalin. Kada ki karɓa ki ƙarasa masa, ko da akwai gudaji. Dannawar nan ita ke ƙarfafa yatsun da gobe za su riƙe fensir. In ya gama, ya zuba yogot cokali 2, ku ƙirga tare da ƙarfi, ya juya. Ki kuma ajiye yankan ayaba 2 a gefe, ki ɗiga wa ɗaya lemun tsami, ɗaya ki bar shi haka. Can anjima wanda aka bari zai fara yin duhu, domin iska ce ke taɓa shi, tsamin kuwa yana rage saurin hakan.

'Yan shekara 4 da 5 za su iya riƙe wuƙar roba. Su yanka kankana da ayaba, su jera a faranti: ja, fari, ja, fari. Sai ki tsaya ki ce, "To, me ke biye?" Lissafi ya shiga ke nan ba a ambaci sunansa ba. Za su iya yi wa yankan burodi fuska ma, ido na ayaba, baki na tumatir.

Wanda ya fi burge ni shi ne kaɗa man shanu. Ki zuba kirim ɗin madara mai kauri a robar da ke da murfi mai ƙarfi, kada ya wuce rabi, ki rufe tam. Su zauna da'ira, kowa ya girgiza sau 10 ya miƙa wa na kusa. Ki ce su kasa kunne. Da farko za su ji ruwa yana motsi, sannan a ji shiru saboda ya yi kauri, daga baya sai wani abu ya fara bugun murfin, tim, tim. Man ya dunƙule ya rabu da ruwansa ke nan. Yakan ɗauki minti 10 zuwa 20 a hannun yara, kuma in sun gaji ki taya su. Ki tsiyaye ruwan, su shafa man a burodi.

Abin da ba na sassauci a kansa shi ne shaƙewa. Inabi a tsaga shi a tsaye gida 4. Ƙwayar gyaɗa ɗungurungum da gugguru ba na masu ƙasa da shekara 5 ba ne. Ɗanyen karas a goge shi ƙanana. Kowa ya ci a zaune, babu gudu da abu a baki, ke kuma idonki yana kansu. Abin da aka yanka ko aka sa wa yogot kada ya wuce awa 2 a waje, in ana tsananin zafi kuwa awa 1.

Wani yaron zai haɗa ya ƙi ci. Ki ƙyale shi, kada ki ɗura masa. Ya taɓa, ya sunsuna, ya isa na yau. Wasu yaran sai an gabatar musu da sabon abinci sau 10 ko fiye kafin su yarda su ɗanɗana, kuma na lura wanda ya yanka da hannunsa ya fi saurin kaiwa baki. Idan an gama, ki ba kowa ɗan tsumma mai danshi ya goge gabansa, su kwashe ɓawon su kai kwandon shara, sannan a sake wanke hannu.