Yadda ake tallata kasuwar manoma a unguwa

Duk wanda na gani ya tashi haɗa kasuwar manoma a cikin gari, wato manomi su kawo kaya su sayar da kansu ba dillali, abin da yake fara yi shi ne buga bana ta talla da hayar lasifika. Ajiye kuɗinka tukuna malam.

Na farko, rana. Maganar zuwa wajen mai unguwa da neman fili ba sai na faɗa ba, kowa ya sani. Amma kar ka sa ranar da ta yi karo da kasuwar da manoman suka saba ci, in a Kano kake ka san Juma'a ta Wudil ce, Lahadi kuma Dambatta, ba manomin da zai bar kasuwar da ya gada saboda taka ta jiya-jiya. Ni dai Asabar da safe kawai nake yarda da ita, ma'aikata suna gida. Kuma ka fara lokacin sanyi da kayan gwari suka yi araha, ba da damina ba da tumatir ke zama gwal.

Na biyu, kuma nan ne muka sha ƙasa da muka haɗa tamu kasuwar, shi ne farashi. Mun je wajen 'yan noman rani ta ɓangaren Kura, muka yi magana baki da baki, muka dawo muka cika status na WhatsApp da hoton tumatir da attaruhu muna cewa ya fi na kasuwar kayan gwari ta Yankaba sauƙi. Ranar kasuwa mutane suka zo kuwa, to da manoman nan suka ga motoci jere da hajiyoyi suna fitowa sai kuɗin kwando ya tashi nan take, wata hajiya ta ɗaga wayarta ta nuna min hoton da na saka ta ce "Malam wannan ba kai ka rubuta ba?" wallahi ban san inda zan sa kaina ba. Sati na biyu ko rabin masu sayen ba su dawo ba.

Saboda haka daren Juma'a ka kira wanda ka yarda da shi a Yankaba ka ji yadda kaya suka kwana, ku tsayar da kuɗi da manoman, a rubuta a allo a kafa a bakin shiga. Wanda bai yarda ba ya zauna a gida. Sannan manomi da kwando ya saba sayarwa, uwargida kuma 'yar roba take so ko kashi, don haka a tanadi robobi iri ɗaya a riƙa awo da su (ba su da tsada, kar ka tsaya sayen sikeli yanzu).

Sai yanzu talla. Sanarwa a masallaci bayan isha'i ta fi bana aiki nesa ba kusa ba, kuma kyauta ce. Ka nemi mata biyu ko uku masu faɗa a ji a guruf ɗin Islamiyya da na adashe, ka aika musu da ɗan kaya su gani da idonsu, su za su yi maka sauran. Hoton da za ka saka ya zama na kayan ranar, ba wanda ka kwaso a intanet ba. Rediyo kam sai kasuwa ta yi wata guda da ƙafarta.

Sauran ƙanana ne: mai POS ɗaya, a daidaita sahu biyu masu kai kaya gida, yaro mai shara bayan an tashi don kar maƙwabta su kai ƙararka wajen mai unguwa. Ka karɓi lambar duk wanda ya saya, ranar Alhamis ka tura musu tuni.