Kare ya yi cizo a filin gasa: kurakuran da yaranmu suka ƙi dainawa wajen rubuta rahoto

Da gadi na fara a wani gida a Ikoyi. Da mai gidan ya ga karnukansa sun fi jin maganata, sai ya riƙa tura ni da su duk inda ake gasar karnuka a Legas. Yau da gobe, har ya kai akan zaunar da ni a teburin sakatare, ni ke riƙe da littafin da ake rubuta duk abin da ya auku a fili. Da yawa daga cikin yaran da ke jan igiya a irin wannan taro namu ne, daga Agege da Idi-Araba da Obalende, kuma ramin da na faɗa a baya shi suke faɗawa. Bakina ya gaji da faɗa wa mutum ɗai-ɗai.

Babban kuskuren shi ne "a rufa asiri". Kare ya cafki mutum, jinin bai taka kara ya karya ba, mai kare ya ja ka gefe yana ba da haƙuri, ya cusa maka 'yan canji a aljihu, kai kuma kunya ta hana ka zuwa teburi. Wannan ya taɓa ci na. Ɗan yayata ne na zo da shi yana taya ni, muna layin shiga fili wani kare irin Rottweiler ya kama shi a ƙauri. Matar da ke da karen ta ce an yi masa allura, na ce ba komai Madam, Allah ya kiyaye gaba. Ban nemi katin riga-kafi ba, ban karɓi lambar wayarta ba, ban rubuta ko harafi ɗaya ba.

Da dare muka je asibiti, tambayar farko da likita ya yi mini ita ce, ina karen? Na yi tsuru-tsuru. Ko Ajah ya tafi, ko Ikorodu, ko Ibadan, Allah masani. Ya ce ƙa'ida ita ce a fara wa wanda aka ciza allurar riga-kafin haukan kare nan take, a kuma sa ido kan karen kwana 10. In kwanakin suka cika yana garau, likita na iya dakatar da sauran alluran. Tunda babu kare, sai da yaron ya sha su duka, ranar farko, ta 3, ta 7, har ƙarshe, ga ta tetanus, duk daga aljihuna, kowace tafiya kuma sai mun ci gosulo. Kuɗin ma da sauƙi. Abin da ya hana ni barci shi ne muryar yayata a waya: "Ƙanena, amana fa na ba ka." Ciwon haukan kare idan alamunsa suka bayyana, kusan babu mai tashi. To, ku gaya mini, wane asiri ake rufawa a nan?

Tun daga ranar, tsarina ɗaya ne. A fara kai mutum famfo a wanke ciwon da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, agogo nake dubawa, ba kintace ba. Ana wankin ina rubutu. Mai kare ba ya barin fili sai na ɗauki hoton katin riga-kafin, na duba kwanan watan allurar ƙarshe, na kuma kira lambarsa a gabansa na ji ta yi ƙara. Wasu na cewa na cika tsanani. Su ce.

Na biyu shi ma ya ba ni kunyar da ban manta ba. Na taɓa rubuta "babban jan Boerboel ya kai wa wani ƙaramin kare hari". A ranar jajayen Boerboel sun cika filin, kusan duk kamarsu ɗaya. Aka je aka tsare wani bawan Allah da karensa bai ma fito daga keji ba, ya zage ni tas a gaban jama'a, kuma gaskiyarsa ce. Launi ba shaida ba ne. A rubuta lambar da ke ɗaure a hannun mai jan karen, a gwada ta da takardar rajista, don mutum ɗaya kan ja karnuka uku a wuni guda. In an dasa wa karen ƙwayar shaida a ƙarƙashin fata, a sa likitan dabbobi ya karanta ta da na'ura. Lambobi 15 ne, a kwafe su duka, kada a ce na ƙarshen sun isa.

Sai kuma masu mai da littafi wurin huce haushi. "Mahaukacin kare ne, mai shi kuma ba shi da mutunci." Kai likita ne? Wa ya tambaye ka halin mai shi? Rubuta abin da idonka ya gani: ya yi gurnani, ko ya kai hari bai samu ba, ko haƙori ya huda fata. Waɗannan abubuwa uku ne daban. A dokar AKC, ƙungiyar gasar karnuka ta Amurka da aka kafa a 1884, karen da ya yi barazana alƙali fitar da shi yake yi daga zagayen, wanda ya kai wa mutum hari kuwa haramta masa gasa ake yi. Kalma ɗaya da ka rubuta cikin fushi tana iya rufe wa kare ƙofa. Abin da aka gaya maka kuma, ka rubuta cewa gaya maka aka yi, da sunan wanda ya faɗa.

Wani yaro ya taɓa ce mini, "Baba, ai na ɗauka a bidiyo, na tura WhatsApp." Na ce ɗana, ka tura wa duniya, ba ka kawo wa sakatare ba. Kafin la'asar bidiyon ya zaga gari, kowa ya yanke hukuncinsa, littafi kuwa fayau.

Sauran ƙanana ne, amma suna ɓata aiki. "Da rana" ba lokaci ba ne, rubuta 1:40. Da biro ake rubutu, ba fensir ba, in ka yi kuskure ja layi ɗaya a kai, kada ka yage shafi. Shaidu biyu su sa hannu kafin su watse. Kare ya faɗi saboda zafi, shi ma abin rubutawa ne, musamman masu gashi irin Caucasian da aka halitta don sanyin duwatsu aka kawo su cikin zafin ranar Legas. A rubuta lokacin da ya faɗi da abin da ma'aunin zafi ya nuna, tunda zafin jikin lafiyayyen kare yana tsakanin digiri 38 da 39 ne a ma'aunin Celsius. Igiya ta tsinke ko takunkumi ya zame amma ba a ji wa kowa ciwo ba, rubuta, domin gobe shi ne zai nuna ba yau aka fara ba.

Lambobin gaggawa na Legas, 112 da 767, a bangon littafina suke da manyan baƙaƙe. Kafin na miƙa wa masu taro littafin kuma, sai na ɗauki hoton kowane shafi da wayata, don an taɓa ce mini wani shafi ya ɓata a mota.