Darasi na Bakwai: Zaɓen Ƙwaron Roba Domin Fatsa a Ƙarƙashin Ruwa

Yawancin masu fatsa a bakin Gulbin Rima sun saba sa tana ko shinge a ƙugiya, amma akwai wata hanya da ake ɗaura gashin tsuntsu da zare a jikin ƙugiya har ta yi kama da ƙwaro, kifi ya kai mata cafka yana zaton abincinsa ne. A wannan darasi za mu koyi yadda ake zaɓen irin wannan ƙugiyar da ke nutsewa.

Ƙwaron da ake kwaikwayo shi ne mai siraran fikafikai da dogayen wutsiyoyi, wanda kan taru a jikin fitila da dare a garuruwan bakin ruwa. Idan ya yi fikafikai ba ya cin komai, kuma da wuya ya wuce kwana ɗaya ko biyu, shi ya sa a nan za mu kira shi ƙwaron kwana ɗaya. Kafin nan yakan yi watanni a cikin ruwa yana ɗan ƙarami, kuma a wannan lokacin ne kifi ya fi samunsa. Jinsinsa ya haura 3,000 a duniya.

Kafin mutum ya saya ko ya ɗaura komai, ya fara zuwa inda zai yi fatsar, ya ɗaga dutse ko ruɓaɓɓen ice daga wuri marar zurfi, ya girgiza shi a cikin farin kwano mai ɗan ruwa. Zai ga ƙananan halittu suna wutsil-wutsil. Wanda muke nema yana da ƙafa 6, da wutsiya 3 a mafi yawan lokuta, sannan a gefen cikinsa akwai wasu 'yan ganyayyaki da ke kaɗawa ba tsayawa, da su yake numfashi. Na ƙarƙashin dutse a ruwa mai gudu shimfiɗaɗɗe ne, mai iyo kuma siriri ne kamar ƙwayar shinkafa. Akwai wani fari-fari da masana ke kira Povilla adusta, mai huda icen da ya nutse har da jikin kwalekwale, yana da yawa a tafkin Kainji. Idan bayan ɗan ƙwaron ya yi duhu a wurin da fikafikai za su fito, ya kusa tashi ke nan.

Abu na farko da za a daidaita shi ne girma, domin a nan ne masu koyo suka fi kuskure, kowa yana ganin babbar ƙugiya ita ce mai kawo babban kifi. A tuna cewa lambar ƙugiya tana hawa ne yayin da ƙugiyar ke ƙanƙancewa, wato lamba 16 ta fi lamba 12 ƙanƙanta, kuma tsakanin 12 da 18 ne yawancin waɗannan ƙwari suke. A aza ƙugiyar kusa da na cikin kwano, a kwatanta da ido. Daga nan sai siffa, sannan launi, wanda ba ya wuce ruwan ƙasa, ko kore mai duhu, ko ruwan madara. Da damina, lokacin da gulbi ya yi ja da laka, mai duhu ya fi fitowa.

Ina so ɗalibai su kiyaye da wani abu. A kasuwa akwai na roba masu idanu da ƙafafu, waɗanda suka yi kama da na gaske har mutum ya ruɗe, sai dai a cikin ruwa sandarewa suke yi kamar tsinke. Wani mai gadin kogin Avon a Ingila, Frank Sawyer, ya lura cewa ɗan ƙwaron yana naɗe ƙafafunsa idan yana iyo, saboda haka ya ɗaura nasa ba ƙafa ko ɗaya, da gashin jelar wani tsuntsun daji da siririyar wayar jan ƙarfe kawai, wayar ita ce zare kuma ita ce nauyi. Ya bayyana wannan a littafinsa na 1958, kuma har yau ana amfani da samfurin a ƙasashe da dama. Ya yi shi ne domin wani kifin ruwan sanyi, wanda babu shi a gulabenmu, amma kawara da gargaza ma suna cin ƙwarin ruwa. Gashin zabo da wayar tsohuwar rediyo sun ishe mu gwaji a Sakkwato.

Nauyi kuma sai an auna shi da wurin. Idan ƙugiyar ba ta kai kusa da ƙasa ba kafin ruwa ya wuce da ita, a ƙara naɗin waya, idan kuma tana maƙalewa a kowace jifa, a rage. Ana jefa ta sama da inda ake zaton kifi, a bar ta ta gangaro da ruwa ba tare da an ja ta ba, ido yana kan zare, da ya tsaya ko ya karkace sai a ɗaga sanda.

Kafin zama na gaba, kowane ɗalibi ya ɗaga duwatsu 3 a bakin ruwan da ya fi kusa da shi, ya rubuta launi da tsawon abin da ya gani, ya mayar da duwatsun yadda ya same su.