Kurakuran Sababbin Masu Kiwon Kifi: Ido Na Kan Tarwada, An Manta Da Ruwa

A watan jiya kaɗai mutum uku suka kira ni, duk da tambaya ɗaya: "Malam, kifina na mutuwa, wane magani zan saya?" Babu ko ɗaya a cikinsu da ya fara da gaya min yadda ruwansa yake. Na gaji da maimaita magana a waya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Tun a sakandare aka koya mana cewa kowane muhalli, daji ne ko fadama ko kududdufin bayan gari, abu biyu ne suka haɗa shi: masu rai da marasa rai. Masu rai su ne tsirrai da dabbobi da ƙwari da ƙwayoyin da ido ba ya gani. Marasa rai kuwa ruwa ne da iska da zafi da hasken rana da ƙasa da duk abin da ya narke cikin ruwa. Muka haddace, muka ci jarrabawa, muka watsar. To kwamin kifin da ke bayan gidanka wannan darasin ne, sai dai wanda ya faɗi a nan jarinsa yake gani ya taso saman ruwa, ciki sama.

Bari in fara da kuskuren da ya cinye kuɗin adashin maiɗakina: ba kifi abinci bisa agogo, ba tare da an duba zafin ruwa ba.

Kifi ba ya riƙe ɗumin jikinsa kamar mu, duk yadda ruwa yake haka jikinsa yake. Tarwada ta fi sakewa idan ruwa na tsakanin digiri 26 zuwa 30. In hunturu ya kankama a Disamba da Janairu, daren Kano kan sauka ƙasa da digiri 15, kuma ruwan kwamin siminti ko na tamfol da ba shi da zurfi nan da nan yake bin sanyin. Narkewar abinci a cikin kifi ta ragu, sai ya daina ci. Lafiyarsa ƙalau, sanyi ne kawai.

Ni a shekarata ta farko ban san haka ba. Ƙarfe bakwai na safe, ina rawar ɗari cikin rigar sanyi, zan cika kwano in watsa musu, domin haka takardar da aka ba ni ta ce. Suna kwance a ƙasa ba su ko motsa ba. Da yamma in ƙara. Da na ga kwana huɗu ba sa ci, sai na yanke hukuncin cuta ce, na je kasuwa na sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta na kaji na juye musu. Ashe wuta na ƙara wa fetur. Abincin da ba a ci ba ya nutse yana ruɓewa, ƙwayoyin da ke ruɓar da shi suna shanye iskar oksijin, yana kuma sakin amoniya, wani sinadari mai guba ga kifi, ga wadda kifin da kansa yake fitarwa. A jikin bangon kwami akwai wasu bakteriya masu amfani, aikinsu su mayar da amoniya naitirait, wasu kuma su mayar da naitirait naitiret, wanda cutarwarsa ba ta kai ta biyun farko ba. Sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su kafu sosai. Su ne na kashe da hannuna, da kuɗina.

Ranar da na fito bayan sallar asuba na haska fitila, ba zan manta ba. Fararen cikkuna ne jere a gefen kwami kamar an shanya. Na rasa abin yi, na aika aka kira min wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon masunci daga wajen Nguru. Ya zo bai ko kalli gawar kifin ba. Ya naɗe hannun riga, ya zura hannu har ƙasa, ya ɗebo wani baƙin laka mai wari ya kai hanci.

Na ce, "Baba, wace cuta ce wannan?"

Ya ce, "Ɗana, wa ya ce maka cuta ce? Tuwon da ka yi ta zuba musu ne. Ruwan nan ya mutu tun shekaranjiya."

Fiye da rabi suka tafi. Yadda na yi wa maiɗakina bayani kuwa, wannan ya zama sirrin gida.

Yanzu ga abin da nake yi, ban ce kowa ya yarda ba. Ina da ɗan ma'aunin zafi a rataye cikin ruwa, kuɗinsa bai kai na kwano biyu na abinci ba. Da hunturu ba na ba su komai sai rana ta ɗaga, wajen sha ɗaya. In watsa ɗan tafin hannu in tsaya. In ba su taso sun cinye cikin minti goma ba, na ɗauke kwanona, sai gobe. Kifi ba ya mutuwa don ya kwana biyu bai ci ba. Da dare ina rufe yawancin saman kwamin da leda, in bar gefe don iska. Canjin ruwa kuma da safe nake yi, saboda ruwan bohol a lokacin ya fi na kwami ɗumi.

Kuskure na biyu shi ne wanda ya fi ba ni haushi, domin masu yinsa gani suke tsafta ce. Mutum ya kwashe kifi, ya zubar da ruwa tas, ya sa buroshi da sabulu ya dirje bango har ya yi fari, sannan ya ɗauki hoto ya sa a Facebook. Haba jama'a! Kwamin kifi ba kwanon cin abinci ba ne. Wannan santsin da ka kankare, a nan ma'aikatanka na kyauta, wato bakteriyar nan masu amfani, suke zaune. Ka kore su, ka jefa kifi cikin sabon ruwa mai zafi daban, gobe ka kira ni kana tambayar magani. Ni kashi ɗaya cikin uku nake zubarwa, iyaka rabi, kuma ta ƙasa nake janyewa inda dattin yake. Sabulu ba ya kusantar wurin.

Akwai kuma 'yan ɗaya gefen, waɗanda suka ji an ce koren ruwa na da kyau, suka bar shi ya yi kauri kamar miyar kuka. Gansakuka da rana tana amfani da haske ta saki oksijin, gaskiya ne. Amma da dare ita ma shaƙa take yi, tare da kifi da bakteriya, shi ya sa iskar ruwa ta fi ƙaranci gab da asuba. Da bazara abin ya fi muni, domin ruwa mai zafi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi: a digiri 20 lita ɗaya kan ɗauki kusan miligiram 9 na oksijin, a digiri 30 kuwa wajen 7.5. Tarwada na ruɗin mutane a nan, saboda tana da wata gaɓa da take shaƙar iskar sarari da ita, sai ta yi ta lallaɓawa cikin ruwan da tuni ya kashe karfasa. Tana raye, amma ba ta girma, abincinka na tafiya a banza. In ka ga sun tsaya a tsaye, gemu a saman ruwa da sassafe, kar ka ce wasa suke. Gwajina mai sauƙi ne: in zura hannu zuwa gwiwar hannu, in tafina ya ɓace kafin in kai nan, ruwan ya yi kauri.

Sabon siminti ma ya kashe wa mutane da yawa 'ya'yan kifi. Magini zai ce maka ya bushe, kuma gaskiyarsa, sai dai shi bango ya sani. Kifi na son pH, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwa, tsakanin 6.5 da 8.5, sabon siminti kuwa kan tura shi ya haura 10, ya ƙone musu fata, ya kuma ƙara wa amoniya dafi. Nakan jiƙa sabon kwami mako uku ina canja ruwa, sannan in jefa kifi biyar su kwana uku kafin in kawo sauran.

Dattijon nan ya taɓa ba ni labarin abin da ya raba shi da sana'ar kamun kifi, kuma maganar ɗaya ce, girma ne kawai ya bambanta. Bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwa a fadamar Hadejia da Nguru ta canja. Wuraren da a da suke cika da damina su bushe da rani suka koma riƙe ruwa shekara zagaye. Ciyawar kachala ta samu abin da take so, ta toshe hanyoyin ruwa, kwalekwale ya kasa wucewa, tsuntsun jan baki ya samu wurin kwana yana sauka kan shinkafar manoma. Babu wanda ya shuka kachala. Lokacin zuwan ruwa da tafiyarsa aka taɓa.

Sauran ƙananan kurakuran ba sa buƙatar dogon bayani. Ruwan bohol yana fitowa da ƙarancin iska, ka bar shi ya zubo daga sama yana fantsama. Ruwan famfo na da kulorin, ya kwana a tanki a buɗe tukuna. Tarwada na cin 'yar'uwarta, duk mako biyu ka ware manya da ƙanana. Ka sa raga saboda zalɓe da shirwa, ka toshe duk ramin da guza zai bi. Kainuwa dashen Allah ce a kududdufi, amma in ta rufe saman ruwanka ta tare haske. Kar ka gina kwami a gindin darbejiya don neman inuwa, ganyen da ke zuba ruɓewa zai yi. Bokitin da aka dama maganin feshin gona a ciki, ko an wanke shi sau bakwai, kar ya shigo.

Ganyen shuwaka da wasu ke jiƙawa su zuba a kwami a matsayin magani, na gwada sau biyu. Kifin sun warware, amma duka biyun a ranar na canja musu ruwa.