Asabar da Lahadi a Landan: Shawara ga Ɗalibin da Ya Zo Karatun Ɗan Lokaci

Ɗalibin da ya zo Ingila karatun zango ɗaya ko biyu, ko a Manchester yake ko a Birmingham ko Leeds, da wuya ya cika wata guda bai fara shirin leƙa Landan ba, kuma bai yi laifi ba, domin ita za a fara tambayarsa ranar da ya koma gida. Abin da nake so ƙannena su sani tun kafin su yanki tikiti shi ne, Landan ba ta ganuwa a kwana biyu, kuma duk wanda ya dage sai ya zagaye ta kaf zai ƙare hutunsa a ƙarƙashin ƙasa, daga wannan jirgi zuwa wancan, ya dawo da gajiya da aljihu wayam. Gara mutum ya zaɓi yanki ɗaya a kowace rana, ya taka shi da ƙafa a tsanake.

Yawancin kuɗin tafiyar a sufuri da masauki yake tafiya. Tikitin jirgin ƙasa yana da sauƙi idan an saye shi da makonni, yana kuma tsada ƙwarai a ranar tafiya. Katin rangwamen matasa masu shekara 16 zuwa 25, wanda cikakken ɗalibin da ya haura shekarun ma yana iya samu, yana rage kashi ɗaya cikin uku. Wanda bai damu da daɗewa a hanya ba ya hau doguwar motar National Express, wadda ke sauke fasinja a tashar Victoria. Game da masauki, ɗakunan kwanan matafiya masu araha sau da yawa a haɗe suke maza da mata, saboda haka 'yan'uwa mata su duba da kyau, su zaɓi ɗakin mata zalla kafin su biya.

A cikin gari, tun shekarar 2014 motocin bas na Landan suka daina karɓar tsabar kuɗi, sai katin Oyster, wato katin biyan kuɗin sufurin birnin, ko katin banki da ake ɗorawa a kan na'ura. A jirgin ƙarƙashin ƙasa ana taɓa katin wajen shiga da wajen fita, kuma lallai ya zama kati ɗaya ne duk yinin, domin akwai iyakar abin da za a cire wa mutum a rana, wanda kuwa ya riƙa sauya kati ba zai ci moriyar wannan iyaka ba. A matakalar da ke tafiya da kanta a tsaya ta dama, a bar hagu ga masu sauri. A kuma duba shafin hukumar sufurin birnin tun daren Juma'a, saboda a ƙarshen mako ake yawan rufe wasu layuka don gyara.

Ranar Asabar a fara daga gadar Westminster, inda majalisar dokoki da hasumiyar agogon Big Ben suke a gaban mutum, kogin Thames yana gudana a ƙarƙashinsa. Wuri ne mai cunkoso, kuma masu fizgen waya sun san inda baƙi suke shagala, don haka a riƙe wayar da kyau. Daga nan a ratsa lambun St James zuwa Fadar Buckingham. Bikin sauya dogaran fada ba kullum ake yinsa ba, sai a duba jadawalinsa. Ni dai abin da nake roƙon ɗan Najeriya kada ya wuce shi ne gidan Lancaster House, wanda ke ɗan taki kaɗan daga fadar, inda aka zauna taron tsarin mulkin Najeriya a 1957 da 1958, da Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa cikin wakilan Arewa. Ba a barin jama'a su shiga yadda suka ga dama, amma tsayuwa a gabansa ta fi hotuna da yawa amfani ga wanda ya san abin da aka tattauna a ciki. Idan aka miƙe zuwa dandalin Trafalgar, gidan adana zane-zane na ƙasa yana nan kuma shiga kyauta ne, ofishin jakadancin Najeriya kuma yana kan titin Northumberland da ke gefe, wanda sanin wurinsa zai yi rana idan fasfo ya samu matsala.

Salla ita ce ya kamata a gina yinin a kanta, musamman da hunturu, lokacin da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu a watan Disamba, har Azahar da La'asar da Magariba su zo kusa da juna. Babban Masallacin Landan yana gefen lambun Regent, kuma daga nan ba nisa zuwa titin Edgware mai cike da gidajen abincin Larabawa. A gabashin birni akwai masallacin Whitechapel, wanda abincin halal mai sauƙin kuɗi ya kewaye shi. Wanda kewar abincin gida ta dame shi ya gangara Peckham, unguwar da 'yan Najeriya suka yi yawa, amma ya tambayi naman kafin ya ci, don ba kowane shago ne na halal ba.

Lahadi kuwa a ba Gidan Tarihin Birtaniya safiyar gaba ɗaya. An kafa shi a 1753, ba a biyan kuɗin shiga, ko da yake yana da kyau a kama lokacin shiga ta intanet saboda layi. Kada a yi ƙoƙarin bin ɗakunansa duka. A sauka sashen Afirka a ga tagullar masarautar Benin, wadda sojojin Birtaniya suka kwaso a 1897 kuma Najeriya ke neman a mayar mata har yau, sannan a hau sashen duniyar Musulunci a ga rubuce-rubuce da tukwane da kayan auna taurari. Unguwar da gidan yake, Bloomsbury, ita ce unguwar Jami'ar Landan, wadda Tafawa Ɓalewa ya zo karatun malanta a cibiyar iliminta a 1945, Malam Aminu Kano ya biyo bayansa. Su ma ɗalibai ne na ɗan lokaci, kamar mai karanta wannan.

Mai niyyar sayen tsaraba ya tuna cewa manyan kantuna a Ingila awa shida kawai doka ta ba su ranar Lahadi, kuma jiragen ranar sun fi ƙaranci, saboda haka kada a jingina komawa da jirgin ƙarshe alhali akwai lacca Litinin da safe. Akwai kuma jarabar da tashar St Pancras ke jefa ɗalibai a ciki, ganin jirgin Eurostar yana kai mutum birnin Faris cikin awa biyu da 'yan mintoci. Bizar karatu ta Birtaniya ba ta shiga Faransa. Mai fasfon Najeriya ko Nijar sai ya nemi bizar Schengen, wato ta shiga Faransa da wasu ƙasashen Turai, daban, kuma neman yana cin makonni, don haka wanda ke da wannan buri ya fara haɗa takardunsa tun farkon zango.