Ga mai son sa ƙanensa koyon gyaran firji da esi

'Yan uwa, in za ku kai yaro koyon wannan sana'a a nan Sakkwato, ku kai shi tun lokacin hunturu. Daga Maris zuwa Mayu, zafi na wuce digiri 40, aiki ya yi wa maigida yawa, ba ya da sukunin koyarwa, yaro sai ɗaukar tsani da wankin esi.

Kafin ku yi magana, ku ɗan zauna a shagon ku ga aikinsa. Yana da geji, wato abin auna ƙarfin gas? Yana zuƙe iskar cikin bututu da inji kafin ya ɗura gas? In ba ya yi, ku canja shago. Ni an taɓa ɗura wa firjina gas haka nan, ba a ma nemi inda yake yoyo ba, sati biyu ruwa ya koma ɗumi.

Yaro ya san gas kala-kala ne. R600a na yawancin sababbin firji yana kama wuta, ba a kusantar da wutar walda sai an tabbatar ya fita duka. R22 da R410A kuma, waɗanda ake sa wa esi, ba a haɗa su.

In hannunsa ya faɗa, ya zauna jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, don masu ba da kwangila kan nemi takarda.