Yadda Ɗan Kasuwar Sakkwato Zai Samu Odar Kai Kaya a Babban Kamfanin Gine-gine

Duk babban kamfanin da ya karɓi aikin hanya, gada ko madatsar ruwa yakan zo da injiniyoyinsa da katafilolinsa, amma ba ya zuwa da yashi, burji, ruwa ko abincin leburori, domin waɗannan a hannun mutanen gari yake sayen su. Tun da aka ƙaddamar da aikin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry a 2024, wadda ta taso daga Illela kuma tsawonta ya haura kilomita 1,000, masu tifa da ƙananan 'yan kwangila da dama sun soma neman ƙofar shiga. Samun odar ba shi ne mai wuya ba. Abin da ke kayar da mutane shi ne karɓar kuɗinsu bayan sun kai kaya, kuma tun ranar farko ake shirya wa hakan.

Ka fara da sanin wanda za ka yi hulɗa da shi. Dokar kamfanoni ta 2020, kamar dokokin da suka gabace ta, ta wajabta wa kamfanin waje da ke son yin kasuwanci a Najeriya ya yi rajistar kamfani na daban a nan, sai 'yan kaɗan da aka yi wa rangwame. Shi ya sa CCECC Nigeria Limited, wanda ya shimfiɗa layin dogo na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, yake da rajistarsa ta kansa ko da yake uwar kamfanin tana ƙasar Sin. Julius Berger ma daga Jamus ya zo a 1965 domin gina gadar Eko a Legas, sannan aka yi masa rajista a matsayin kamfanin Najeriya a 1970. Dattawanmu sun ga irin wannan tsari lokacin da kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978. Abin da wannan ke nufi gare ka shi ne, idan ka biyo bashi, kamfanin da ke da rajista a Najeriya kake bi, uwar kamfanin da ke ƙetare ba ta san da zamanka ba. Saboda haka ka duba cikakken suna da lambar rajistar da ke kan takardar da aka ba ka, ka bincika su a shafin intanet na CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Sau da yawa mutumin da ke sanye da hular kwano da rigar aiki a bakin yadi ma'aikacin wani ƙaramin ɗan kwangila ne da babban kamfanin ya yanka wa wani sashe na aikin, kuma idan shi ya ba ka oda, shi kaɗai za ka iya bi.

Sai takardunka. Ka yi rajistar kamfani mai iyakantaccen alhaki, wanda a yanzu mutum ɗaya ma yana iya kafawa, ka karɓi lambar biyan haraji, ka buɗe asusun banki da sunan kamfanin, domin akantocin manyan kamfanoni ba sa son tura kuɗi asusun mutum. Idan aikin hannu kake nema, kamar gina kwalbati ko magudanar ruwa, ana iya tambayarka shaidar biyan haraji da ta asusun NSITF mai biyan diyyar ma'aikacin da ya ji rauni. Ka haɗa waɗannan da hotunan ayyukan da ka taɓa yi da jerin motocinka, ka kai sashen saye-saye, ka nemi a sa ka cikin rajistar masu kawo kaya.

Wajen zaɓen abin da za ka kai, ka dubi ƙasar da muke kanta. Sakkwato tana da yashi a bakin gulaben Rima da Sakkwato, tana da burji, tana da farar ƙasar da kamfanin BUA ke yin siminti da ita a Kalambaina, amma dutsen da ake fasawa a yi tsakuwar kwalta da kankare galibi daga wajen Gusau ake ɗauko shi, kuma kuɗin mota da halin tsaron hanyar suna iya cinye ribar sabon shiga. Siminti da rodi kuwa babban kamfani kai tsaye yake saye daga masana'anta a farashin da kai ba za ka samu ba. A ganina mai ƙaramin jari ya tsaya a kan yashi, burji, ruwan tanka ko hayar tifa. Kafin ka yi alkawarin ko tifa ɗaya, ka ɗebi samfuri daga ramin da za ka riƙa haƙa ka kai ɗakin gwajin kamfanin, domin yashin da magini ke karɓa a unguwa ana iya mayar da shi idan laka ta yi masa yawa. Ramin kansa yana da masu shi: ka daidaita da mai gona a gaban mai unguwa ko hakimi a rubuce, ka kuma tuna cewa dokar ma'adinai ta 2007 ta sa haƙar yashi da burji don sayarwa a ƙarƙashin izinin gwamnatin tarayya.

Kada mota ta tashi sai takardar oda tana hannunka, mai ɗauke da sa hannun wanda kamfani ya ba ikon saye. "Alhaji, ka fara kawowa, takarda tana tafe" magana ce da ake ji kullum a bakin yadi, kuma mai faɗinta yana iya samun canjin wurin aiki kafin wata ya ƙare. Takardar ta fayyace irin kayan, adadinsu, wurin saukewa, ranar biya, da ma'aunin da za a yi amfani da shi, wato ko da tan ne, ko da kubik mita (awon yawan cikar kaya), ko da sawun tifa. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi jawo rigima, tun da tifa ba girmanta ɗaya ba.

A bakin ƙofa, direbanka zai hau sikeli da kaya, ya sauke, ya sake hawa babu kaya, a ba shi tikiti mai nuna bambancin nauyin. Daga nan sitokifa zai sa hannu ya buga hatimi a takardar shaidar kai kaya. Waɗannan 'yan takardu su ne kuɗinka, amma sai ka tarar direba ya cusa su a gaban mota rana ta ƙone rubutun, ko ya naɗe goro da ɗaya. Ka karɓe su kowace yamma, ka ɗauki hotonsu da waya, ka rubuta lambar mota da rana da nauyi a littafi, sannan a ƙarshen mako ka zauna da sitokifa ku daidaita lissafi tun abin bai tsufa ba.

Farashinka kuma ya ƙunshi jira. Kamfanin da ke aikin gwamnati shi ma jiran biya yake yi bayan injiniyoyin gwamnati sun auna aikin sun amince, kuma jinkirin da ya same shi kan gangaro kan masu kawo masa kaya, alhali kai kullum sai ka biya man gas da 'yan lodi kuɗi hannu. Kafin alƙalami ba kasafai ake ba sabon mutum ba. Kada ka karɓi odar da ta fi abin da jarinka zai ɗauka na wata biyu ko uku ba tare da an biya ka ba, ko da kuwa an lallashe ka da girmanta. Ka tambaya ko farashin ya haɗa da harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100, ka kuma sani cewa akan cire wani haraji tun daga tushe kafin kuɗin su shigo asusunka. Ka nemi shaidar cirewar, domin da ita za a rage maka harajin shekara. A aikin hannu akan riƙe wani kaso, galibi kashi 5 cikin 100, sai an ga aikin bai lalace ba a cikin wa'adin da aka yanka, don haka kada ka lissafa shi cikin kuɗin da za ka juya.

Aikin cikon ƙasa yakan lafa daga Yuni zuwa Satumba saboda damina, ramuka su cika da ruwa, gulbi ya rufe wurin yashi. Wanda zai ɗauki hayar tifa ya ƙulla yarjejeniyarsa daga Oktoba zuwa Mayu, ya kuma miƙa takardun neman biyansa na ƙarshe kafin ruwan farko ya sauka, lokacin da ma'aikatan da suka karɓi kayansa suna nan a yadi.